Agidigon Baba a Hanyar Lyon

Damagaram zuwa Yamai

Ba a kira assalatu ba na fito daga gida, jaka a kafaɗa, ƙunshi a ƙirji. Jakar tawa ce. Ƙunshin kuwa agidigon Baba ne, Inna ta naɗe shi da tsohon zanenta ta ɗaure da igiya tamau. Ta biyo ni har bakin zaure tana maimaita abin da ta faɗa mini jiya da shekaranjiya.

"Lawali, ka riƙe shi a jikinka, kada ka bari a sa shi saman motar kar. Auta ya ce kada kowa ya taɓa ƙarafan."

"Inna, ni za a gaya wa? Shekara nawa na yi zaune kusa da abin nan?"

"To, ni dai na gaya maka. Allah ya kiyaye hanya."

Ga waɗanda ba su san gidanmu ba, bari in yi bayani kafin mota ta tashi. Mahaifinmu gyaran keke ya yi har ya rasu. Agidigo kuma ɗan akwati ne na katako mai rami a tsakiya, da ƙarafa a jere a kansa, ana danna su da manyan yatsu biyu. Baba da hannunsa ya ƙera nasa: katakon akwatin sabulu, sai wayoyin ƙafar keke guda tara da ya daddake suka yi faɗi. Kowane ƙarfe akwai iyakar tsawon da zai fito daga ƙarƙashin sandar da ta danne shi, in ka tura shi ko da kaurin farce ne sautinsa ya sauya. Baba bai auna nasa da komai ba sai muryarsa. Yana ɗan gunguni yana tura ƙarfe, har ƙarfen ya yi daidai da maƙogwaronsa, sannan ya ɗaure. Tun muna yara bai sake kwance su ba. Da ya rasu ba mu da kaset ɗinsa ko ɗaya, abin da ya rage mana na muryarsa yana cikin ƙarafan nan.

Ni ne babba, ni na gaji rumfarsa, yanzu babura nake gyarawa. Nasiru shi ne auta. Ya tafi Faransa karatu yana saurayi, karatun ya watse, sai muka ji wai kiɗan agidigo yake yi da Turawa. Da farko a gidanmu ba a son zancen. Da faifansa ya fito samari suka fara tura wa juna a waya, sai kowa ya zama danginsa. Yanzu in na je biki ba a cewa ga Lawali mai gyara, sai dai ga yayan Nasiru. Ni na fara ɗora masa yatsa a kan ƙarfe. Ba zan ɓoye muku ba, abin yana ci mini rai, kuma da shi na hau mota.

Dalilin tafiyar shi ne, Nasiru da abokansa za su yi babban wasa a Lyon, yana so ya kaɗa agidigon Baba, Turawan su daidaita kayan kiɗansu da shi. Bai yarda a aika ta fosta ba, sai suka aiko mini da tikiti. Har bizar da aka buga mini da sunansa aka samu.

Kar ɗinmu ta tashi bayan sallar asuba. Mun karya kumallo da ƙosai a Tasawa, muka ɗan tsaya Maradi, rana ta take muna tsakiyar buhunan albasar Galmi. Tun daga nan nake jin ƙamshin yaji yana tasowa, na ɗauka guzurin matar da ke kusa da ni ne. Kafin Dogon Dutsi jandarmomi suka tsayar da mu, ɗayansu ya karɓi katina ya nuna ƙunshin da baki.

"Mi ke nan?"

"Agidigo ne."

"Irin na yaron nan na Faransa?"

Kafin in ba shi amsa ya zaro wayarsa ya kunna. Kiɗan Nasiru ne. Na ce ƙanena ne. Ya dube ni tun daga hula har takalmi, ya ce, "Haba dai. Kai ma kana ɗan taɓawa?" Ya miƙo mini katina da hannu biyu. Duk tsawon rayuwata jandarma bai taɓa yi mini haka ba, amma da tsaki na koma kujerata.

Mun shiga Yamai bayan isha'i. Na sauka wurin wani abokin sana'a a Bukoki, washegari ya raka ni filin jirgi. Can suka sa ƙunshin a na'ura, suka ga ƙarafa, suka yi dariya suka ce in wuce.

Filin jirgin Paris

Da hantsi muka sauka. Na wuce wurin buga fasfo lafiya lau, har na fara cewa ashe abin ba wuya. Ina dab da ƙofar fita wani ɗan kare mai dogayen kunnuwa ya zo ya zauna a gabana, ya kafe ƙunshin da ido. Wata ma'aikaciyar duwan, wato kwastan, ita ce ke riƙe da igiyarsa. Ta tambaye ni da Faransanci ko ina ɗauke da nama. Da ɗan Faransancina na lakwal, wato makarantar boko, na ce babu, har da rantsuwa.

Suka kai ni wani ɗaki, na kwance igiyar Inna. Ina buɗe zanen ƙamshi ya cika wurin. Matar ta haska tocila cikin ramin akwatin, ta juyo mini da shi in gani. Kilishi ne. Inna ta ji labari ba a barin nama ya shiga ƙasar Turawa, sai ta yayyanka shi ƙanana, ta nannaɗe kowanne da takardar siminti, ta dinga cusawa ta ramin har akwatin ya cika maƙil. Autanta take so ya ci kilishin gida.

Ya kamata a ce tsoro ne ya fara kama ni, amma kishi ne ya riga shi. Ni ke kai mata cefane kullum safiya, ni ke kai ta likita in ƙafarta ta tashi, ban tuna ranar da Inna ta ɓoye mini ko ƙuli-ƙuli ba.

Na gwada da yatsa, na gwada da biro, naman ya cushe ya ƙi fitowa. Matar ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ko dai a buɗe akwatin a fitar da naman, ko in bar musu shi duka. Murfin kuwa ba ya ɗaguwa sai an kwance sandar an zare ƙarafan. Maganar Inna ta faɗo mini, na ture ta gefe. Na ce a raina, wannan gargaɗin na waɗanda ba su san abin ba ne, ni ai a kunnena yake. Na roƙi turnabis, wato sukudireba, suka ba ni. Na kwance, na zare ƙarafan tara na naɗe a hankici. Suka juye kilishin Inna cikin wata bola mai murfi, matar ta yi mini fatan zama lafiya a ƙasarsu.

Stains, gidan Alhaji Ilu

Nasiru bai samu zuwa tarbata ba, suna shirin wasa. Ya haɗa ni da Alhaji Ilu, wani dattijo mutumin Tawa da ke sayen tsofaffin firji da kayan mota yana turawa gida ta Kwatano. Na same shi a bakin ƙofa da babbar riga, ya ɗora kwat a kai. Muka gaisa tun daga gajiya har damina har mutanen gida, sannan muka shiga farar kamiyonet ɗinsa.

"Kai ne wan Nasiru? Madalla. Yaron ga shina da kirki. Duk Bahaushen da ke garin ga ya san shi."

Na ce, "Haka nake ji."

Mun fara biyawa ta Château Rouge, inda shagonsa yake. Nan sai ka rantse wata kasuwar gida ce aka ɗauko, ga busasshen kifi, ga atamfa, ga masu kiran ka da yaruka biyar. Ya saya mini kafe a wani ɗan kofi da bai fi na shayin Buzaye ba, Yuro biyu, wato sama da jikka guda. Ina kurɓa na ɗaga kai, sai ga hoton Nasiru manne a gilashin wani kanti, da hula, yana kallon gefe kamar wani babba. Na sha sauran kafen ban ji daɗinsa ba.

Gidan Alhaji a Stains yake, can saman wani dogon bene. Hajiya ta yi mana tuwon sumul da miyar kuka, na ci na ji ni a gida. Bayan la'asar na roƙi a ba ni wuri a ɗan barandarsu, na shimfiɗa jarida na baje kayan aiki. Ƙarafan duk sun yi maiƙon kilishi da yaji, ga tsatsar shekaru a jikinsu. Ni kuwa tun da nake ban taɓa mayar da ƙarfe mai tsatsa cikin inji ba, hannuna ba ya yarda. Na karɓi soson ƙarfe wurin Hajiya na dinga dirza su ɗaya bayan ɗaya har suka yi ƙal. Ina dirzawa ina ayyana fuskar Nasiru in ya gani, ya san yayansa ma ba a banza yake zaune ba.

Sai da na ɗauki ƙarfen farko zan sa shi a mazauninsa na gane abin da na yi. Inda sandar ta danne kowane ƙarfe tun zamanin Baba, tsatsa ba ta taɓa wurin ba, ya bar ɗan layi fari. Layin nan shi zai nuna mini daidai inda kowanne yake, ko kurma ne zai iya mayar da su. Shi na goge da hannuna.

Na zauna na lallashi kaina. Na ce, to mene ne? Nasiru yana nan yana shan iskar Turai, ni nake zaune gefen Baba kullum yamma har ranar da ya kwanta ciwo. In akwai mai sautin nan a kunne, ni ne. Na rufe ido na kama gungunin da Baba ke yi, ina turawa ina ja ina dannawa. A wannan lokaci na shekara rana ba ta faɗuwa can sai wajen ƙarfe goma, ina gamawa ana haramar magariba. Na kaɗa ɗan abin da yatsuna suka tuna, na ji ya zauna mini daidai.

Alhaji ya leƙo da butarsa. "Ashe kai ma ka iya. Ka gaya ma Nasiru abin da ya faru?"

"Ba sai na gaya masa ba, Alhaji. Yadda yake na mayar da shi."

Washegari Juma'a ce, ya kai ni masallaci a La Courneuve. Bayan sallah aka kewaye ni, mutanen Cadi da na Garwa, Hausarsu wata iri amma ana fahimta. Wani ya ce su a wurinsu sanza suke kiran agidigo. Kowa da saƙon gaisuwarsa zuwa ga Nasiru, ba wanda ya tambaye ni sana'ata.

Jirgin ƙasa zuwa Lyon

Daga masallaci Alhaji ya wuce da ni tasha ya sa ni a jirgin ƙasa. Awa biyu ce tafiyar, nisan da a hanyarmu sai ka wuni. Jirgin ba ya jijjiga, mutanen ciki ba sa magana, sai gonaki kore shar da fararen shanu masu ƙiba suna wucewa ta taga. Na yi niyyar sayen burodi mai cuku a ciki, da na ji kuɗinsa na tuna ban daɗe da cin abinci ba.

Nasiru yana jirana a tashar Part-Dieu. Ya rame kaɗan, har da ɗan farin gashi a gemu. Yana hango ni ya cire hularsa, ya zo ya rusuna har ƙasa a tsakiyar Turawa.

"Yaya, sannu da zuwa. Ƙaƙa hanya? Ƙaƙa Inna?"

Ku gafarce ni, amma hakan bai yi mini daɗi ba. Tun daga Damagaram nake shirya yadda zan same shi da girman kai in samu abin faɗa a gida. Ya karɓi jakata, ƙunshin kuwa ya bar mini shi a hannu.

Muka shiga metro, daga nan muka hau tiram zuwa Minguettes, unguwar dogayen benaye a kudancin gari. Gidansa ɗaki biyu ne, ɗaya ma wayoyi da lasifikoki sun cinye shi. Da safe yana koya wa yara kiɗa a wata makaranta, da haka yake biyan haya. Da na ga gidana na Damagaram ya fi nasa fili sai na ji wani sanyi a raina, har na yaba masa labule.

Bayan mun ci abinci ya wanke hannu da sabulu, ya zauna a ƙasa ya kwance zanen Inna. Ya daɗe yana kallon akwatin.

"Yaya, sun yi haske."

"Na ɗan goge su ne. Tsatsa ta yi yawa."

Ya danna ƙarafan ɗaya bayan ɗaya daga hagu zuwa dama, ya sake dawowa. Bai ɗago kai ba. Ni kuma na kama kallon labulen da na yaba. Can ya ce, "Sannu da ƙoƙari, Yaya," ya shiga tambayata labarin maƙwabta.

Asabar, ɗakin gwaji

Wurin gwajinsu wani ɗaki ne a ƙarƙashin ƙasa, bangonsa an lulluɓe da soso. Su huɗu ne ban da shi: wata mata mai gita, wani dogo mai babbar gita ta gindin sauti, mai ganguna, sai wani mai gilashi da ke zaune gaban kwamfuta da allon fiyano. Duk sun miƙe sun ba ni hannu, Nasiru ya ce musu ga babban wansa.

Safiya guda suka kashe a kan abu ɗaya. Nasiru ya danna ƙarfe, wata ƴar na'ura ta nuna allura tana lilo, ba ta tsaya kan kowane layi nasu ba. Mai gilashi ya kama kai yana murna, wai sautin ba ya nan ba ya can, tsakani yake. Matar ta dinga murɗa kunnuwan gitarta tana sassauta waya, mai gilashi yana lallatsa kwamfuta, har kayansu duka suka bar inda aka san su suka dawo wurin akwatin sabulun Baba. Ina gefe ina kallo, ƙirjina ya cika. Na ce a raina, da ba don ni ba da yanzu abin nan yana cikin bolar duwan.

Da suka tsaya hutu Nasiru ya miƙo mini wani agidigon nasa ya ce musu ni na koya masa. Suka zuba mini ido suna jira. Na fara, yatsuna suka ƙi. Hannun da ya saba da sifana ya yi nauyi, kaina ya san inda za a je, yatsan ya isa a makare. Ban jima ba na ajiye. Matar ta tafa ta ce barabo, irin yadda ake ce wa yaro in ya fara tafiya. Nasiru ya karɓa, ya kaɗa daidai abin da na so in kaɗa yana magana da mai ganguna, ko kallon hannunsa bai yi ba. Na fita waje na ce zan sha iska.

Lahadi, ranar wasa

Bayan la'asar aka yi, a wani babban zaure da ke gindin benayen. Ya cika: matan Larabawa da ƴaƴansu, samarin unguwa, tsofaffin Turawa da suka zo daga cikin gari, da namu ƴan kaɗan da hulunansu. An ba ni kujera a layin gaba. Nasiru ya fito ya ɗaga akwatin sama, ya ce da Faransanci wannan muryar mahaifinsu ce, wansa ne ya ɗauko ta tun daga Damagaram a ƙirjinsa. Aka yi tafi, aka sa na miƙe. Na miƙe a matsayin ɗan aike na zauna.

Shi kaɗai ya fara. Ɗan gajeren zagaye ne na sauti, yana zuwa ƙarshe ya koma farko. Ya taka wani abu da ƙafa, na'ura ta riƙe zagayen tana maimaitawa, shi kuma ya ɗora wani a kai, ya sake ɗora wani. Dogon nan ya shigo da sauti mai kauri da nake ji a cikina kafin kunnena. Ganguna suka biyo a hankali. Gitar matar ta dinga jan sauti ɗaya mai tsawo tana sakinsa. Ba wanda ya yi waƙa. Abu ɗaya ake ta maimaitawa, amma duk zagaye sai ka ji wani ɗan abu ya gusa, ka rasa mene ne. Mutane suka daina motsi da kujeru, kawuna suka fara rangaji tare. Wata tsohuwa kusa da ni ta rufe ido, jakarta ta zame ƙasa ba ta sani ba.

Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba. Na dai san na ga rumfarmu da yamma, Baba ya jingina da bango, tayoyi rataye a samansa. Na manta da Nasiru, na manta da kaina. Da suka tsaya zauren ya fashe da tafi, sai na tarar da fuskata a jiƙe. Yana da kyau, ba zan yi ƙarya ba, ban taɓa jin abu mai kyau irinsa ba. Wannan ne ma ya fi ƙona ni. Mutane suka yi layi suna rungumarsa, ni ina riƙe masa kwat. Abin da na jingina da shi ɗaya ne: shi yana da yatsu da jama'a, ni kuwa ina da Baba a kunne, kuma ni kaɗai na san na tabbatar da haka.

Litinin, tashar Part-Dieu

Ya rako ni da safe. Mun iso da sauran lokaci, muka zauna a benci muna kallon allon jirage. Ya ba ni wani ɗan katin waya da aka naɗi wasan jiya a ciki, ya ce in kai wa Inna. Sannan ya yi ƙasa da murya.

"Yaya, mi ya samu agidigon a hanya?"

Na so in ce ba komai, amma ya riga ya juyo yana kallona. Na ba shi labarin karen da matar duwan da abin da Inna ta cusa. Ya yi dariya har da hawaye, yana cewa Inna ke nan. Da dariyar ta lafa na ce, "Amma ai na mayar da shi yadda yake."

Ya girgiza kai a hankali. "Tun dannawar farko na sani. Baba muryarsa siririya ce, can sama. Wannan ya sauko ƙasa. Muryarka ce, Yaya. Haka kake gunguni in kana gyara."

"Kai da ka bar gida tun yaushe, kai za ka gaya mini muryar Baba?"

Bai yi musu ba. Ya matso kusa da kunnena, cikin hayaniyar tashar, ya yi ɗan gunguni, sauti uku kacal. Baba ne, ba ko shakka, kuma ba haka na ɗaure ƙarafan ba.

Na ce, "To ka kwance ka mayar da su."

"Ukun nan kawai na riƙe. Sauran shida na ɗauka suna wurinka, tun da kai ka zauna da shi."

"Mi ya sa ka tsaya gaban mutane ka ce muryarsa ce?"

"Kana zaune a layin gaba, in ce mi?" Ya ƙara da cewa, "Ba zan taɓa su ba. Yadda ka ɗaure haka za su zauna, sun yi daɗi. Don Allah kada Inna ta ji."

Aka kira jirgina. Ya ɗauki jakata har ƙofa, ya sake rusunawa. Daga Lyon har Paris ina gwada ukun nan a maƙogwarona. Kafin in isa na rasa na tsakiyan.

Komawa gida

Alhaji Ilu ya tarbe ni, na kwana wurinsa, washegari ya kai ni filin jirgi da saƙon sabulu da turare na ƴan'uwansa. Na sauka Yamai, na kama kar ta asuba, muka bi hanyar da muka zo. An yi ruwa bayana, gero ya fara tasowa tun daga Doso. Jandarmomi sun tsayar da mu sau uku, ba ƙunshi a hannuna, ba wanda ya tambaye ni komai. Na shiga Damagaram ana shirin rufe shaguna.

Ina godiya ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Ina godiya ga Alhaji Ilu da Hajiya, waɗanda suka ciyar da ni ba su san ni ba, da abokina na Bukoki, da yaran rumfa da suka riƙe mini aiki. Nasiru ma na gode masa. Ya rufa mini asiri a gaban jama'a, kuma har yau ban gama yafe masa hakan ba.

Da safe na je gaida Inna. Na sa katin a wayata na ajiye mata a kan tabarma. Ta ajiye tasbaharta ta karkata kai tana saurare, tun daga inda agidigon ya fara shi kaɗai har sauran suka shigo. Hawaye suka zubo mata, ta share da bakin mayafi.

"Allah ya jiƙan Malam. Kamar yana zaune ƙofar gida." Ta dube ni. "Ka gani, Lawali? Auta ya riƙe muryar ubansa."

Na ce, "Ya riƙe, Inna." Na ɗauki makullin rumfa na tafi aiki.